Nauyi Mai Yawa, Ɗagawa Kaɗan: Me Wannan Hanya Ke Yi Wa Jiki?

A unguwannin Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, in la'asar ta yi sanyi, ba wuya mutum ya ga samari sun taru a wani kango ko a bayan garaji suna ɗaga ƙarfe. Kayan aikinsu ba su da yawa: sandar ƙarfe guda, gwangwani biyu da aka cika da siminti aka maƙala a bakin sandar hagu da dama, sai benci wanda mai walda ya haɗa. Waɗanda ke da hali kuma su kan biya kuɗi su shiga ɗakunan motsa jiki na zamani. Amma ko ina aka je, gardama ɗaya a ke yi. Waɗansu na cewa a ɗauki ƙarfe marar nauyi a yi ta ɗagawa sau 20 ko 30 har dantse ya ɗau zafi. Waɗansu na cewa wannan ɓata lokaci ne, gara a loda nauyi sosai, a ɗaga sau 3 ko sau 5, a ajiye. Hanya ta biyun nan za mu duba yau, domin ita ta fi jan hankalin samari, ita ce kuma ta fi saurin kai mutum asibiti in ya shige ta da ka.

Kafin mu yi nisa, bari mu daidaita kalmomi uku. In mutum ya ɗaga ƙarfe ya sauke shi sau ɗaya, ya yi ɗagawa guda. In ya jera ɗagawa da dama bai ajiye ya huta ba, ya yi zubi guda ke nan. Nauyin da zai iya ɗagawa sau ɗaya tak, wanda in aka ce ya sake ba zai iya ba, shi za mu kira maƙurarsa. Duk lissafin masu wannan wasa a kan maƙura ya ke tafiya. Galibin mutane na iya ɗaga kashi 75 cikin 100 na maƙurarsu kamar sau 10, kashi 85 kamar sau 5 ko 6, kashi 90 kuwa da ƙyar su wuce sau 3 ko 4. Saboda haka in an ce nauyi mai yawa da ɗagawa kaɗan, ana nufin aiki da kashi 80 zuwa sama, kowane zubi daga ɗagawa 1 zuwa 6. Wanda maƙurarsa a tsuguno kilo 80 ce, zai yi zubinsa na biyar-biyar da kilo 64 zuwa 68.

Daga asibitin soja zuwa filin wasa

Tunanin ƙara nauyi sannu a hankali tsoho ne. Girkawa na da labarin wani ɗan kokowa mai suna Milo, mutumin birnin Kuroton a kudancin Italiya, wanda ya rayu a ƙarni na 6 kafin miladiyya, ya kuma ci kokowar Olimfik sau 6. An ce ya kan saɓa ɗan maraƙi a kafaɗa kowace rana, maraƙi na girma ƙarfinsa na ƙaruwa, har ya kai ga saɓa bijimi. Labarin ya fi kama da tatsuniya, don kowane makiyayi ya san maraƙi ya fi mutum saurin ƙaruwa. Amma darasin da ke cikinsa sai da aka yi shekaru fiye da 2000 kafin lokotoro ya sa shi a ma'auni.

Wannan lokotoro shi ne Thomas DeLorme na sojan Amurka. A ƙarshen yaƙin duniya na biyu yana aiki a wani asibitin soja a birnin Shikago, inda gadaje suka cika da sojoji masu raunin gwiwa da karaya. A wancan zamani al'adar asibiti ita ce a ba majiyyaci ɗan nauyi kaɗan ya yi ta motsawa, kada a gajiyar da shi, sai ya yi watanni yana jinya. DeLorme kuwa mai ɗaga ƙarfe ne tun yana saurayi. Sai ya juya abin: ya riƙa auna nauyin da soja zai iya ɗagawa sau 10, yana ƙara masa duk lokacin da ƙarfinsa ya ƙaru. Sojoji suka riƙa miƙewa da wuri. A 1945 ya buga sakamakon aikinsa, ya bayyana cewa nauyi mai yawa da ɗagawa kaɗan ƙarfi ya ke kawowa, nauyi kaɗan da ɗagawa mai yawa kuwa jimiri ya ke kawowa, kuma ɗaya ba ya tsayawa a madadin ɗaya. A 1948, shi da abokin aikinsa Arthur Watkins suka taƙaita tsarin zuwa zubi 3 na goma-goma. Daga nan ne lissafin "uku sau goma" ya bazu a duniya, har ya iso ga samarinmu waɗanda ba su taɓa jin sunan mai shi ba.

A 1962 wani malami a Amurka, Richard Berger, ya raba ɗalibai ƙungiya 9, ya sa su turin ƙarfe daga ƙirji har sati 12, waɗansu sau 2, waɗansu sau 6, waɗansu sau 10 a kowane zubi. Waɗanda suka yi zubi 3 na shida-shida su suka fi samun ƙarfi, ko da ya ke tazarar ba ta da yawa.

Ƴan wasa kuwa ba su jira malamai ba. Reg Park, mutumin Ingila, wanda ya ci gasar ƙirar jiki ta Mista Yunibas a 1951 da 1958 da 1965, ya fitar da ɗan littafi a 1960 inda ya shimfiɗa tsarin zubi 5 na biyar-biyar: zubi biyun farko na ɗumama jiki, ukun ƙarshe da cikakken nauyi. Shi ne gwanin da Arnold Schwarzenegger ya ɗauka abin koyi tun yana yaro. A 1976 Bill Starr ya tsara wa ƴan ƙwallon Amurka irin wannan lissafi, ya ƙara masa wata dabara mai amfani: rana ɗaya mai nauyi a sati, rana ɗaya marar nauyi, rana ɗaya matsakaiciya, domin ya lura ba mai iya kai wa maƙura hari sau uku kowane sati ya daɗe. Yawancin tsare-tsaren biyar-biyar da samari ke karantawa a wayoyinsu yau jikokin waɗannan biyu ne.

Gayyar da ke cikin tsoka

Me ya sa nauyi mai yawa ke kawo ƙarfi? Amsar ta fi zama a jijiyoyin saƙo fiye da a naman kansa. Tsoka tarin zaruruwa ce, kuma zaruruwan nan a rarrabe su ke ƙungiya-ƙungiya. Kowace ƙungiya na da jijiya guda da ke kawo mata umarni daga laka. Akwai ƙananan ƙungiyoyi masu jimiri amma ba ƙarfi sosai, akwai manya masu ƙarfi amma masu saurin gajiya. Wani masani a jami'ar Habad, Elwood Henneman, ya nuna a 1957 da 1965 cewa jiki ba ya kiran su barkatai. Ƙanana ya ke fara kira, sa'an nan na tsakiya, manyan kuwa sai in aiki ya fi ƙarfin na farko.

Abin kamar gayya ne. In aikin gona kaɗan ne, mai gida da yaransa sun isa. In gandu ne babba, sai an kira majiya ƙarfin gari duka. Mutumin da bai taɓa ɗaga abu mai nauyi ba, jikinsa bai saba kiran gayyar nan gaba ɗaya ba. In ma ya kira, ba su zuwa tare, wasu na ja gaba wasu na ja baya. Ɗaga nauyi mai yawa yana koya wa jiki ya kira su duka, da sauri, a lokaci guda. Shi ya sa sabon shiga kan ga abin da ya ke ɗagawa ya ƙaru ƙwarai cikin wata guda, alhali in ya sa zare ya auna dantsensa ba zai ga wani bambanci ba. Moritani da deVries sun auna wannan a 1979: a sati 3 zuwa 5 na farko, mafi yawan ƙaruwar ƙarfi daga jijiyoyin saƙo ta ke fitowa, bayan haka ne girman tsoka ke karɓar aikin.

Ke nan ƙarfi, ban da nama, akwai gwaninta a cikinsa. Wanda ya ke son ya iya ɗaga abu mai nauyi dole ya riƙa ɗaga abu mai nauyi, kamar yadda mai son iya sassaƙa dole ya riƙe gizago. Mu dubi ɗan ga-ruwa. Yana wuni da tuku biyu a kafaɗa, kilo 40 ko kusa da haka, yana zagaya unguwa, aikin da saurayin ɗakin motsa jiki ba zai jure shi awa biyu ba. Amma wannan bai nuna zai iya tsugunawa da kilo 120 ya tashi ba. Kowane jiki abin da aka horar da shi a kai ya ke iyawa.

Nan kuma a ke gane dalilin dogon hutu tsakanin zubi. A cikin tsoka akwai wani ɗan tanadin makamashi na gaggawa, wanda masana ke kira fosfokiriyatin. Shi ke ɗaukar aiki mai tsanani, amma cikin daƙiƙa 10 ko kusa da haka ya ke raguwa ƙwarai, kuma sai an yi minti 3 zuwa 5 kafin ya koma kusan cike. Wanda ya ga mai ɗaga nauyi zaune a kan benci yana kallon agogo kada ya ce raggo ne. Jira ya ke rumbu ya cika. In ya tashi bayan minti ɗaya, zubi na gaba zai lalace.

Ƙarfi daban, girman tsoka daban

To, sai babbar tambaya. Samari da yawa ba ƙarfi kaɗai su ke nema ba, so su ke riga ta cika. Shin nauyi mai yawa ya fi gina tsoka?

An daɗe ana koyar da cewa ɗagawa 1 zuwa 5 ta ƙarfi ce, 8 zuwa 12 ta girman tsoka ce, 15 zuwa sama ta jimiri ce, kamar an gina katanga tsakaninsu. Binciken shekarun baya-bayan nan ya rushe rabin katangar. A 2017 Brad Schoenfeld na birnin Niyok da abokan aikinsa suka tattara gwaje-gwaje 21 da aka yi don kwatanta nauyi mai yawa da marar yawa. Suka tarar a wajen ƙaruwar maƙura, nauyi mai yawa ya yi gaba. A wajen girman tsoka kuwa kusan kunnen doki aka yi, muddin mai ɗaga marar nauyin ya ci gaba har ya kasa. Misalin gayya ya bayyana wannan ma: in ƙananan ƙungiyoyi suka gaji, dole jiki ya kira manyan, ko da nauyin ba shi da yawa.

Akwai wani gwaji na 2014 da ya kamata duk mai sha'awar wannan hanya ya sani. Schoenfeld ya raba samari da suka saba ɗaga ƙarfe gida biyu har sati 8. Gida ɗaya na yin zubi 7 na uku-uku da hutun minti 3, ɗayan na yin zubi 3 na goma-goma da hutun daƙiƙa 90, an kuma daidaita jimlar kilon da kowane gida ke ɗagawa. Da aka auna, kaurin dantse ya ƙaru daidai wa daida. Masu uku-uku sun fi samun ƙarfi a turi daga ƙirji. Amma ga kuɗin da suka biya: aikinsu na cin fiye da awa guda, na ɗaya gidan kuwa kamar minti 17, kuma mutum biyu daga masu nauyin sun janye saboda ciwon gaɓoɓi.

A ganinmu hukuncin a fili ya ke. Wanda burinsa ƙarfi ne, ba shi da hanyar da ta fi wannan. Wanda burinsa ƙirar jiki ce kawai, zai same ta a nan, amma ba nan ce hanya mafi sauƙi ko mafi arha ba. Shi ya sa biyar-biyar ta yi farin jini fiye da uku-uku ko ɗaya-ɗaya: nauyin ya isa ya horar da jijiya, jimlar ɗagawa 25 kuma ta isa ta taɓa tsoka. Masu wayo kan yi manyan motsi da biyar-biyar, sa'an nan su ƙare da ɗan aikin goma-goma don dantse da baya.

Ga ƴan kokowa maganar na da nauyi na musamman. Tun daga 1975, lokacin da aka buɗe gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, ba a raba masu neman takobi bisa nauyin jikinsu; ƙarami na iya haɗuwa da ƙato. Cira abokin karo daga ƙasa aikin daƙiƙa biyu ne ko uku, irin aikin da nauyi mai yawa ke gyarawa. Sai dai karo na iya daɗewa, kuma sandar ƙarfe ba ta zillewa, ba ta sa ƙafa. Ƙarfe ƙari ne a kan horon fili, ba madadinsa ba.

Yadda a ke shiga

Motsin da wannan hanya ke so kaɗan ne, kuma duka manya ne, masu haɗa gaɓoɓi da yawa: tsugunawa da sanda a bayan kafaɗa a tashi, cira sanda daga ƙasa har a miƙe, tura sanda daga ƙirji ana kwance a benci, tura ta sama da kai ana tsaye, da janyo ta zuwa ciki ana sunkuye. Ƙananan motsi, irin lanƙwasa hannu don dantse, ba su dace da ɗagawa 3 ba. Gwiwar hannu ce za ta sha wuya a banza. Ana aiki kwana uku a sati, misali Litinin da Laraba da Juma'a, motsi uku kowace rana, domin tsokar da ta sha aiki na son kamar awa 48 kafin a koma mata. Cira daga ƙasa ta fi sauran gajiyar da jiki, saboda haka da yawa kan tsaya a zubi ɗaya ko biyu a gare ta.

Ga abin da ya fi wuya ga saurayi ya yarda da shi: hanyar nauyi mai yawa da nauyi kaɗan a ke fara ta. Sandar gasa ta maza kilo 20 ce, ta mata kilo 15, kuma sabon shiga da sanda tsura ya kamata ya soma, ko da abokansa za su yi masa dariya. Dalili kuwa shi ne, tsoka ta fi agara da gaɓoɓi saurin sabawa. Jijiyoyin saƙo na iya ba mutum ƙarfin ɗaga abin da gwiwarsa da ƙugunsa ba su shirya ɗauka ba tukuna. Watannin farko na koyon tsayuwa ne: ƙafa a kafe, baya a miƙe ba a ƙudundune ba, sanda na bin jiki kusa-kusa, ciki a ɗaure. Kowace rana kuma, kafin a kai ga nauyin aiki, sai an hau shi mataki-mataki. Wanda zai yi aiki da kilo 70 ya fara da sanda tsura, ya yi 40, ya yi 55, sa'an nan ya shiga zubinsa.

Ba sai mutum ya gwada maƙurarsa ba kafin ya san ta, kuma sabon shiga bai kamata ya gwada ba. Akwai lissafi mai sauƙi: a raba yawan ɗagawa da 30, a ƙara 1, a ninka da nauyin. Wanda ya ɗaga kilo 60 sau 5 ya ji saura ƙiris ya kasa, maƙurarsa na wajen kilo 70. Ƙiyasi ne, amma ya isa aiki.

Ƙari kuwa ƙanƙane a ke yi. In an cika zubi 5 na biyar-biyar ba tare da tsayuwa ta lalace ba, a ƙara kilo 2 da rabi a zama na gaba. Kada mai karatu ya raina wannan. Kilo 2 da rabi sau uku a sati, cikin sati 12 kilo 90 ke nan. Amma a ci gaba da lissafin a ga inda zai kai: a shekara guda kilo 390, abin da ƙalilan ne a duniya ke iya tsugunawa da shi. Wato tun daga ranar farko an san ƙarin nan zai tsaya, kuma tsayawarsa ba alamar kasawa ba ce.

A nan ne masu gwangwanin siminti ke da matsala ta gaske. Nauyinsu a daskare ya ke: in ba kilo 30 ba, sai a tsallaka zuwa 50, kuma sau da yawa ba wanda ya san ainihin nauyin, ƙiyasi a ke yi da ido. Wani lokaci ma gefe ɗaya ya fi ɗaya da kilo 2 ko 3, baya na karkacewa ba a sani ba. Maganin ba shi da tsada. A kai kowane gwangwani kan sikelin ƴan hatsi a auna, a rubuta nauyin da fenti a jikinsa. Lita guda ta kwaɓin siminti da yashi da tsakuwa, in ta bushe, ta kan yi kilo 2 da ɗan wani abu, saboda haka ana iya zuba ƙananan faya-fayai masu rami a tsakiya don ƙari. Ruwa ma ma'auni ne mai gaskiya: lita ɗaya kilo ɗaya ce, bido mai lita 25 kilo 25 ne. Sa'an nan a roƙi mai walda ya yi marataya biyu masu ƙwari da za su tare sanda in mutum ya kasa tashi daga tsuguno.

Inda haɗari ya ke

Ƙididdigar da aka yi a kan masu gasar ɗaga nauyi ta nuna rauninsu bai kai 5 ba a cikin awa 1000 ta horo, wato ƙasa da abin da a ke gani a wasan ƙwallon ƙafa. Amma waɗannan mutane ne masu malamai da kayan aiki na ƙwarai. Raunin da a ke gani a kango yawanci daga gasa tsakanin abokai ya ke fitowa: wane ya ɗaga, ni ma sai na ɗaga. Mafi muni shi ne turi daga ƙirji mutum shi kaɗai, domin in hannu ya gaza, sandar a kan ƙirji ko maƙogwaro ta ke sauka, kuma an rasa rayuka ta wannan hanya. Kada a yi wannan motsi da nauyi sai da mutum tsaye a bayan kai.

Akwai kuma maganar jini, wadda ta shafi ma'aikata fiye da samari. Mai ɗaga nauyi kan riƙe numfashi ya ɗaure ciki don ya kare bayansa, wannan kuwa na tura jini sama na ƴan daƙiƙoƙi. A 1985 MacDougall da abokansa a Kanada suka auna masu ƙirar jiki suna tura nauyi da ƙafa biyu. A lissafin da muka saba ji a asibitocinmu, inda lafiyayye ke da 12/8, matsakaicin abin da suka gani a ƙololuwar turi 32/25 ne, mutum guda ma ya kai 48/35. Jikin lafiyayye na jure wannan, don nan da nan ya ke sauka. Amma mutumin da ya ba shekara 40 baya, ya ke wuni a kujerar biro, wataƙila yana da tansiyo bai sani ba, ya je a auna shi tukuna. Mai hawan jini da ba a shawo kansa ba, mai ciwon zuciya, mai ƙaba, da wanda aka yi wa aiki a ciki ko a ido kwanan nan, duk sai da izinin lokotoro.

A kuma bambanta ciwo biyu. Tsamin jiki da ke zuwa kwana ɗaya ko biyu bayan aiki ba kome ba ne, zai wuce. Ciwo mai suka a cikin gaɓa, ko wanda ke sauka daga ƙugu zuwa ƙafa da mutuwar jiki, umarnin tsayawa ne. Wanda ya sha tiramol don ya danne irin wannan ciwo ya ci gaba, ya kashe mai gadin gidansa da hannunsa. Allurai da ƙwayoyin kumbura tsoka da a ke sayarwa a ɓoye kuwa suna taɓa zuciya da hanta, suna kuma rage maniyyi.

Duk da haka kada a ɗauka hanyar ta samari ce kaɗai. Bayan shekara 30, mutumin da ba ya motsa jiki kan yi asarar kashi 3 zuwa 8 cikin 100 na tsokarsa a kowace shekara 10. A 1990 Maria Fiatarone ta ɗauki tsofaffi 10 masu shekaru wajen 90 a wani gidan tsofaffi a Boston, ta sa su aikin ƙafa da kashi 80 na maƙurarsu har sati 8. Tara da suka kammala, ƙarfinsu ya ƙaru da kashi 174 cikin 100 a matsakaici. A Ostareliya kuma, a wani gwaji da aka buga a 2018, mata da suka daina al'ada masu raunin ƙashi sun yi biyar-biyar da nauyi fiye da kashi 85, minti 30 sau biyu a sati, har wata 8, a gaban masu kula da su. Ƙwarin ƙashin bayansu ya ƙaru da kusan kashi 3, na waɗanda ba su yi ba ya ragu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarwarinta na 2020, ta ce kowane baligi ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a sati.

Tukunya da tabarma

Ƙarfe umarni kawai ya ke bayarwa; ginin kansa a tukunya da tabarma a ke yin sa. Bincike ya nuna mai wannan aiki na amfana da furotin har zuwa kamar giram 1,6 ga kowane kilo na nauyin jikinsa a rana, wato kamar giram 100 ga mai kilo 65. Ba sai an sayi garin gwangwani mai tsada daga waje ba. Nijar na cikin manyan ƙasashen da ke noman wake a duniya, kuma giram 100 na busasshen wake na da furotin kamar giram 23. Gyaɗa na da kamar 25, ƙuli-ƙuli ya fi haka tun da an matse mai. Ƙwai guda giram 6 ne, litar madara kamar 33, hatsi kansa na da wajen 11. In aka haɗa fura da nono, shinkafa da wake ko ɗan wake, awara, da ɗan kifi ko kilishi in hali ya yi, lissafin zai cika. Wanda cikinsa ba ya cika sau uku a rana, ya rage yawan zubi, don jiki ba ya gini da bashi. Barci kuma awa 7 zuwa 9. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, a mai da aikin sassafe ko bayan faɗuwar rana, ruwa na kusa. Mai azumi ya bari sai ya sha ruwa ya ɗan ci wani abu.

Abu na ƙarshe da a ke bukata shi ne ɗan littafi da alƙalami. A rubuta rana, da motsi, da kilo, da yawan ɗagawar kowane zubi. In an kasa cika biyar-biyar, misali aka sami 5, 5, 4, 4, 3, a maimaita nauyin nan a zama na gaba. In aka kasa sau uku a jere, a rage kashi 10 cikin 100 a sake hawa: mai kilo 80 ya koma 72, cikin sati biyu zai dawo inda ya tsaya, sau da yawa ya wuce. In haka ta faru sau biyu ko uku a motsi ɗaya, lokacin ƙari a kowane zama ya wuce ke nan. Sai a rage zubi daga 5 zuwa 3, ko a koma tsarin Starr: Litinin mai nauyi, Laraba da kashi 80 na nauyin Litinin, Juma'a da kashi 90, ƙarin kilo 2 da rabi kuwa sau ɗaya a sati.